Ranar da Baba ya yi wa gonar doya addu'a

Jama'a, yau na sha dariya har da hawaye!

Muna cikin tasi a hanyar Jiwa, kawai na ga Baba ya ɗaga hannu yana salati. Mahaifina ne, manomin gero daga Katsina, zuwansa Abuja na farko. Ya zo ne ya hana ni kama gona, wai nan ba komai sai duwatsu.

Ya nuna wani fili, tulin ƙasa jere-jere har gindin dutse.

"Innalillahi! Wace annoba ta cinye mutane haka? Allah Ya jiƙansu."

Direbanmu, ɗan Jiwa, ya taka birki. "Baba, ba kabari ba ne, doya ne! Haka muke shuka shi."

Wallahi Baba fita ya yi, ya tsuguna, ya cusa hannu cikin tuli ɗaya. Ƙasa baƙa, da danshi, alhali a gida ko ruwan shuka bai sauka ba.

Ya juyo yana murmushi: "Kai Sani, kama gonar. Amma da ni za a yi."

Ku fa, me ya fara ruɗa ku a tsakiyar ƙasar nan?