Abin da Tankari Ya Gani a Hoto na Sha Bakwai

Isufu Tankari mutumin Tawa ne, a Nijar. Lokacin da na san shi, a watan Oktoba na 1998, yana da shekara arba'in da ɗaya ko da biyu, shi kansa bai tabbatar ba. Aikinsa ɗaurin kaya a Guangzhou ta ƙasar China, a wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe a unguwar Sanyuanli, bayan wata kasuwar tufafi. 'Yan kasuwa su sayo riguna da wanduna su zube masa, shi kuma ya danne su, ya cusa a buhu, ya ɗinke, ya ɗaure yadda za su kai Kano ko Ankara ba tare da bakin buhu ya ɓalle ba. A lokacin mutanenmu ba su da yawa a garin. Kusan kowa ya san kowa, kuma duk wanda ke da kaya ya san Tankari.

Ni ba ɗan kasuwa ba ne. Shekara ashirin da shida na yi ina koyar da labarin ƙasa a wata kwalejin horar da malamai a Kano. Ƙanena Babayo, mai shago a Kantin Kwari, shi ya matsa na biyo shi, wai in sha iska, domin tun da aka yi mana rasuwa ban ƙara zuwa ko'ina ba sai masallaci.

Ɗana na fari, Abdul-Jalil, yana karatun ƙera jiragen ruwa a Genova, a ƙasar Italiya. A watan Agusta na 1997 ya rubuto cewa ya sami hutu, zai yi mako biyu yana bin ƙauyukan bakin teku, wani wurin a jirgin ƙasa, wani wurin a ƙafa. A rana ta tara ya shiga ruwa, bai fito da rai ba. Shekararsa ashirin da huɗu. A can aka binne shi.

Bayan wata uku kayansa suka iso, har da kyamara da fim a ciki. Na kai wani shagon wankin hoto, aka fitar da guda ashirin da huɗu, na sa musu lamba a baya yadda aka miƙo mini su. Ashirin da uku gidaje ne masu launi a jikin dutse, da kwale-kwale, da teku. Na sha bakwai kuwa shi ne, a tsugune bayan wani farin ƙyalle da aka shimfiɗa a ƙasa, a kai an jera jakunkunan mata da tabarau. Mai shagon ya nuna wa wani kafin in karɓa. Cikin mako guda magana ta zaga unguwa: ɗan Malam ba karatu yake ba, talla yake yi a bakin teku.

Na sha gaya wa kaina ba maganar mutane ce ta dame ni ba. Abin da ya hana ni sakewa tambaya ɗaya ce: shin wasiƙar ƙarshe da ɗana ya rubuto mini ƙarya ce? Ba ni da wanda zan tambaya. Hotunan suna cikin jakata duk inda na je.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga Masallacin Huaisheng, muna neman takalmanmu, Babayo ya daka wa wani dogon mutum mai ɗingishi kira.

"Laoban Tankari! Zo ka gai da yayana."

Laoban shi ne maigida da bakin 'yan China, kowa a can haka yake kiran kowa. Mutumin ya zo ya rusuna, ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Yaya, ka gan shi nan," in ji Babayo, "wannan Bature ne. Shekara bakwai ya yi yana hutu a Italiya."

"Ji Bakano da sharri," in ji Tankari. "Malam, ni nike ɗauke da hutun wasu bisa kai. Su suna kwance, ni ina yawo."

Babayo ya yi dariya, sai kuma ya tuna da rasuwar, ya dube ni, ya koma neman takalminsa. Na tambayi Tankari wane gari ya zauna. Ya ce Genova.

A kan hanyarmu zuwa titin Huanshi Lu, inda masaukinmu yake, na ji labarinsa, rabi daga bakinsa, rabi daga bakin Babayo. Fari ne ya kashe dabbobin gidansu a 1984, ya bi mota ta Agadas zuwa Libiya, ya yi shekara biyu yana miƙa wa magina bulo. Daga nan ya tsallaka Tunis ya hau jirgin ruwa. A Genova su goma sha shida ne a ɗaki biyu kusa da tashar jiragen ruwa. Da sanyi ya yi tallan laima, da zafi ya hau jirgin ƙasa da ƙunshin jakunkuna, ya sauka ƙauye bayan ƙauye. Wani ɗan China, wanda Tankari yake sarar kaya a wurinsa, shi ya fara ce masa, me ya sa kake gudu da jaka goma, alhali inda ake ɗinka su ana loda dubu? Da gwiwarsa ta lalace ya tuna maganar. Ya fara zuwa Bangkok, da kasuwar can ta karye ya biyo jama'a Guangzhou. Matarsa Fadilatu da 'ya'ya uku suna Tawa, sai bayan shekara biyu yake ganinsu.

Washegari bayan azahar na same shi a ɗakin ɗauri, ni kaɗai. Yana tsaye a kan buhu yana danna shi da ƙafa. Wata 'yar China daga shagon gefe ta leƙo tana neman aron igiya, ya ce mata "meiyou", wato babu, ga kuma ƙunshin igiya a bayansa. Ta nuna masa da yatsa, suka yi dariya, ya yanko mata.

Na gaya masa abin da ya sami Abdul-Jalil, a taƙaice. Ya sauko, ya yi addu'a, ya wanke hannu kafin ya karɓi hotunan. Ban ce komai a kan na sha bakwai ba.

Ya baje su a kan wani ɗaurin kaya, ya shiga sake musu jeri.

"Lambar nan taka ba daidai ba ce, Malam. Ba a zuwa nan kafin nan, jirgi bai bi haka. Wannan Camogli ne. Ka ga cocin bisa ruwa? Bayanta akwai famfo, ruwan kyauta, can muke alwala. Wannan Monterosso, shi ne mai yashi, nan aka fi ciniki. Wannan Vernazza. Wannan kuwa," ya taɓa gwiwarsa, "matakala ɗari uku da wani abu daga tasha zuwa gari. Nan na baro ƙafata."

Na yi shekara guda ina neman waɗannan wurare a taswirorin da nake koyarwa da su, ban sami ko ɗaya ba, sun yi ƙanƙanta. Shi kuwa ya san su ta inda ake samun inuwa, da inda wata tsohuwa take ba su burodi da ya kwana, da ta wace hanya 'yan sandan gari suke ɓullowa. Na tambaye shi ko wuraren suna da kyau kamar yadda suke a hoto. Ya yi ɗan tunani.

"Haka anka ce. Ni hanya nike kallo, ba teku ba."

Na sha bakwai ya bar shi a gefe. Da ya gama jera sauran ya ɗauke shi, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ya daɗe.

Na ce, "A Kano an ce talla yake yi. Ni kuma ya rubuto mini hutu ya tafi. Ina so ka gaya mini gaskiya, ko wace iri ce."

"Matso, Malam. Dubi ƙafarshi."

Silifas ne na roba.

"Mai talla ba ya sa wannan. Takalmi mai ɗauri, don gudu. To dubi bayanshi, mi ka gani?"

"Titi."

"Ya ba titi baya, shina dariya. Wanda ya yi kwana uku a aikin ga ba ya ba titi baya, ko uwarshi ce ta kira shi. Amma bar waɗannan. Ga babbar."

Ya ɗora farce a gefen farin ƙyallen. Sai a lokacin na lura da wasu siraran igiyoyi, daga kowace kusurwa guda ɗaya, sun haɗu a ƙulli a ƙasa kusa da ƙafar Abdul-Jalil. Na kalli hoton nan sau ɗari, ban taɓa ganinsu ba.

"Igiya huɗu," in ji Tankari. "In 'yan sanda sunka ɓullo, ja ɗaya za ka yi, ƙyalle ya zama ƙunshi, ka saɓa ka ruga. Ƙullin ga ba ya barin hannun hagu. Da shi kake cin abinci, da shi kake ba da canji. Ni har yanzu in na zauna, hannuna a dunƙule yake, duba." Ya nuna mini. "Yaronka ya bar shi kwance ƙasa kamar ba kome ba. Bai ma san amfaninshi ba. Wannan ba mai kaya ba ne, baƙo ne."

"To me ya zaunar da shi a wurin?"

"Allah ya sani. Wataƙila ya ji ana Hausa ya tsaya. Wataƙila mai kayan ne ma ya ɗauki hoton. Ba ni faɗin abin da ban gani ba. Abin da na sani, 'yan makaranta namu da yawa in sunka hango mu, tsallaka titi suke, kar Turawa su haɗa su da mu. Wannan ya zo ya tsuguna."

Na ce alhamdu lillahi. Na faɗa da ƙarfi, har sau uku, irin faɗar wanda aka sauke wa kaya. Na ce zan koma Kano in nuna wa duk wanda ya yi magana, in nuna musu takalmin, da titin, da igiyar, su san ɗana ba ɗan talla ba ne.

Tankari ya miƙo mini hoton. Ya koma wurin buhunsa, ya zura zare a basilla. Sai da ya yi ɗinki uku ko huɗu sannan ya yi magana, bai ɗago ba.

"Malam, in da igiyar na hannunshi fa?"

Ya sake soka basilla, ya ci gaba:

"Ni shekara bakwai tana hannuna."

Na ce ba sana'ar nake ƙi ba, ƙaryar nake tsoro. Na ce mutum yana iya jure rasa ɗa, amma da wuya ya jure sanin cewa maganar ƙarshe da ɗan ya yi masa ba gaskiya ba ce.

"Haka ne," in ji shi. "Ni ma tsohona na rubuta mishi cewa a babban kanti nike aiki, cikin inuwa, da riga mai wuya. Limamin garinmu ke karanta mishi. Har ya rasu haka ya sani, yana faɗa wa mutane. Ƙarya ce tsantsa." Ya ja zaren ya ƙulle. "Kai mai ilimi ne. Don mi kake gani na yi ta?"

Babu faɗa a muryarsa. Tambaya ce kawai, kuma na san amsarta. Na tuna yadda nake gabatar da Abdul-Jalil ga baƙi tun yana aji uku, da yadda nake karanta wasiƙunsa a ɗakin malamai. Da a ce rayuwa ta matse shi a can har ya shimfiɗa ƙyalle a bakin titi, da ba zai iya gaya mini ba, kuma ba laifinsa ne zai hana shi ba. Bai yi mini ƙarya ba, Tankari ya nuna mini wannan da hujja uku. Amma ban bar masa ƙofar da zai shigo da gaskiya ba in da ta yi ɗaci. Ga shi kuma na zo har ɗakin mutumin da ya yi wannan aiki ya ciyar da gida, na roƙe shi ya wanke ɗana daga zama irinsa, ya kuwa wanke shi, na yi hamdala a gabansa.

Na ce, "Isufu, ka yafe mini."

"Ba ka yi mini kome ba, Malam. Allah ya jiƙan yaron. Ya ga wurare masu kyau, kuma shi ya kalle su."

Na tattara hotunan bisa jerin da ya yi musu. Na mayar da su cikin jakata, na nufi ƙofa.

"In ba sauri kake ba," in ji shi, "kama mini bakin buhun ga. Na ƙanenka ne, kuma kullum sai ya cika shi kamar za a hana shi dawowa."

Na ajiye jakata a ƙasa, na naɗe hannun riga, na kama. Muka ɗinke shi, muka ɗauko na biyu.

Da na koma Kano, Rekiya, mahaifiyar Abdul-Jalil, kaɗai na gaya wa, kuma na gaya mata duka, har da tambayar da aka yi mini. Ban nuna wa kowa hoton ba. Masu cewa talla yake yi, na bar su da maganarsu.