Shekaru Ukun da Aka Rage wa Yaya Rabi

Har yau idan na ga uba ya rungume takardun 'yarsa yana cewa shi ya san yadda ake yi, sai in ji raina ya ɓaci. 'Ya'yana suna cewa na cika zafi a kan maganar takarda. Gaskiyarsu, amma da dalilina.

Gidanmu a Wudil ba shi da nisa da kogi, saboda haka idan sanyi ya shigo mu yake fara gaisarwa. Bayan sallar isha'i Inna, kakarmu ta wajen uba, takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya tura dankalinsa cikin toka yana gadi, don akwai ɓarayi a cikinmu. Muryarta a dushe take, kuma ba ta sauri. Wanda ya katse ta, ta ce ya zo ya ƙarasa tunda ya fi ta sani.

Abin da zan faɗa ya faru ne shekarar da sojoji suka fara miƙa mulki ga farar hula, lokacin da kowa ke ganin ƙofofi sun buɗe. Babbar yayarmu, Yaya Rabi, ta samu gurbin karatun haɗa magunguna a wata ƙasar Turai, da tallafin gwamnati. 'Ya mace, daga unguwarmu, a wancan zamanin. Ita ta cike takardar neman makarantar da hannunta, ta sa ranar haihuwarta ta gaskiya, wasiƙar ɗauka kuma ta zo da ita haka. Saura fasfo kawai.

Baba ma'aikacin gwamnati ne, kuma abokan aikinsa ba sa rasa shawara. Suka ce masa, "Malam Garba, kada ka yi sake. Rage mata shekara uku tun yanzu. Idan ta dawo ta kama aiki za ta daɗe kafin ritaya. Kowa haka yake yi." Ya je ya yi takardar rantsuwa, aka yi fasfo da sababbin shekaru.

Yaya Rabi ta durƙusa ta ce, "Baba, ai wasiƙar makarantar da ainihin shekaruna take."

Ya ce, "Ke kika san aikin ofis ko ni? Bature zai zauna ƙirga shekarunki?"

Ta tashi ta koma ɗaki, domin haka aka koya mana.

Inna ta ji komai. Amma Baba ɗan farinta ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ta yi masa magana kai tsaye ba. Saboda haka ran nan ta jira sai da ya shimfiɗa tabarmarsa a tsakar gida da rediyonsa, sannan ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga wata nan tafe, mai kunne ya matso," in ji ta. Ba ta ma jira mun amsa ba.

Ta ce wani mutum ne yake da karsana ɗaya tak, kyakkyawa. Sarkin hayin kogi ya yi shela cewa zai karɓi shanu a fadamarsa, inda ciyawa ba ta bushewa, kuma karsanar nan tana cikin waɗanda aka zaɓa. Sai 'yan zaman kara, kasuwar shanu, suka ce wa mai ita, kankare zoben ƙahonta ta koma yarinya, ta fi daɗewa tana cin ciyawar sarki. Ya ɗauki wuƙa ya kankare ƙahon tas, ya shafe shi da mai. Karsana ta yi iyo ta haye kogi. Mai gadin fadama ya dubi ƙaho, sannan ya buɗe bakinta ya dubi haƙora. Ya ce, ƙaho ya faɗi nasa, haƙori ya faɗi nasa daban, ni kuwa ban san wanda zan yarda da shi ba, a mayar da ita. Aka shigar da karsanar da ke bayanta.

Na ce, "Inna, to me karsanar ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. Ita dai ta sake shiga ruwa, ga sanyi, mai wuƙar yana gaɓa ƙafarsa a bushe. Nan ta tsaya, ku tashi."

Baba ya ƙara muryar rediyo. Na gan shi da idona.

A Legas, a ofishin jakadancin ƙasar, ma'aikacin ya ajiye fasfo da wasiƙar makaranta gefe da gefe, ya tambayi Yaya Rabi wacce ce ita a cikin biyun. Ta faɗi gaskiya. Ya ce ta je ta daidaita takardunta ta dawo. Gyaran fasfo ya ci watanni, karatu ya fara, aka ba wani gurbin. Da shekara ta zagayo babu sunanta a jerin masu tallafi. Baba ya ce Allah bai nufa ba. Wallahi wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai, don ba Allah ne ya je kotu ya yi rantsuwa ba.

Na daɗe ina yabon hikimar Inna. Da na girma sai na fara jin haushinta, Allah ya jiƙanta. Ta ga ramin sarai, ta san ɗanta ba zai iya musa mata ba da ta buɗe baki ta ce kada ka yi. Amma kunyar ɗan fari ta fi mata karatun jikarta nauyi, sai ta naɗe maganar a tatsuniya, abin da namiji zai iya yin kamar bai ji ba.

Shi ya sa ni ba na tatsuniya a wannan maganar. Na yi shekaru ina koyarwa, maƙwabta kan turo mini yaran da za su fita karatu. Nakan sa yaro ya baje takardunsa duka a tabarma, shi da kansa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya: suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, tun daga firamare har fasfo. Idan akwai bambanci a gyara tun kafin a nemi makaranta, ba sai jirgi ya kusa tashi ba. Kada kowa ya cike maka takarda, kada ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba, ka riƙe kwafin komai. Idan kuma babba ya ce a taɓa shekarunka, ka durƙusa yadda kake so, amma ka ce a'a da bakinka. In ba ka iyawa, kawo shi gabana.

Yaya Rabi ta yi aikin koyarwa a firamare, da shekarun nan na rantsuwa, don su ta gabatar ran ɗaukar aiki bisa umarnin Baba. Da lokacin ritayarta ya zo, Baba ya daɗe da rasuwa. Akawun ya duba fayil ɗinta ya ce, "Hajiya, shekarun aiki ne suka cika. Na haihuwa ba mu ma kai gare su ba."

Daga can gidana ta wuto. Ta zauna bakin gado, ko mayafi ba ta cire ba, ta miƙo mini takardar. Ta ce, "Binta, ashe ko kwana ɗaya ba su ƙara mini ba."