Ramin da Yaya Abdu ya bar wa baƙi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Abdu, mai kamfanin jima a bayan Runjin Sambo. Ni ne ƙanensa, ni kuma nake riƙe da sito tun ranar da aka kafa kamfanin. Karatuna bai yi nisa ba, saboda haka zan faɗi abin yadda ya zo, na gaba a gaba, na baya a baya.

Farkonsa daga mahaifiyarmu ne. A gidanmu na Ƙofar Taramniya, Inna ba ta zubar da ruwan zafi ko na ƙazanta a ƙasa sai ta yi bisimilla, ta ce a kauce. Takan ce ƙasa ba tamu ba ce mu kaɗai, akwai masu zama a cikinta da 'ya'yansu, ba ma dai ganinsu ne. Duk unguwa haka ake yi. Mu maza muka girma muka bar wa mata abin. Yaya bai bari ba.

Ga wanda bai san jima ba, ga yadda take. Ana jiƙa fatar akuya a ruwan toka har gashin ya saki. A kankare. A tsoma ta a ruwan bagaruwa ta jemu. A shafa mata mai, sannan a rina da karan dafi ta yi ja. Kowane mataki yana barin ruwa mai wari da kaifi, wanda in ya kwanta kan ciyawa sai ta ƙone. A gida kwano guda ake zubarwa. A kamfani tanki ne.

Lokacin da Yaya ya buɗe kamfanin, yawancin masu sana'ar sun koma maganin Turawa mai saurin jeme fata, suna sakin ruwan ya bi kwata ya gangara fadama. Yaya ya ƙi duka biyun. Ya tsaya kan bagaruwa. Ya kuma ce in ka juye wa masu ƙasa tanki guda ka ce su kauce, ina za su kauce su je? Sai ya ɗauko Malam Bitrus, mutumin kudancin Kaduna da ke zaune a Sabon Gari, wanda ya san aikin ruwa, ya ce ya tsara masa yadda ruwan zai fita bai cuci kowa ba.

Bitrus ya ce, "Alhaji, yanzu don aljanu zan gina duk wannan?"

Yaya ya ce, "Kai dai gina, Malam. In ba ka yarda da su ba, gina don awakin mutane. Su kau kana ganinsu."

Aka yi ramuka a jere. A na farko ruwa ya kwanta, laka ta sauka. Na biyu tsakuwa. Na uku yashi. Na huɗu gawayi. Bitrus ya ce daga nan ruwa ya tsarkaka. Yaya ya ce a ƙara na biyar, wanda ba a sa komai a ciki, ba a kuma ɗibar ruwansa. Ya kira shi ramin baƙi. Kullum kafin azahar yakan je bakinsa shi kaɗai, ya yi sallama, ya yi shiru gwargwadon a amsa, sannan ya ɗaga ƙaramar ƙofar ƙarfe ruwan ya malala gona. Kwaɗi suka cika wurin. Akwai ranar da aka ga sun taso matattu, ya dakatar da aikin kamfani gaba ɗaya har aka gano gawayin ne ya gaji, aka sake shi.

An yi masa dariya a kasuwa. Wani malami ya ja masa kunne kada abin ya koma tsafi. Ya ce shi ba ya roƙon kowa sai Allah, wannan haƙƙin maƙwabtaka ne kawai.

Yau masu sayen fata daga Turai jimar bagaruwa suke nema, kuma kafin su yi ciniki sai sun tambayi inda ruwa yake zuwa. Suna zuwa su ɗauki hoton ramukan. Ɗansa Murtala, wanda ke riƙe da kamfanin yanzu, yana yi musu bayani da Turanci cewa kare muhalli ne. Ba ya ambaton Inna. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya gani. Ina jin ba zai damu da sunan da aka sa wa abin ba. Zai dai tambaya ko an gaya wa baƙin Turai su rage murya a bakin na biyar.

Bana aiki ya yi yawa, ana buƙatar sabon sito, kuma babu fili sai inda ramin baƙi yake. Murtala ya ce a cike shi a yi gini, tunda gwajin ruwa ya nuna ramuka huɗu sun isa. Murtala bai yi ƙarya ba. Na ce ban yarda ba. Ya ce, "Baffa, ba kwaɗi ka sayen fata ba."

Da bazara ta shigo ya toshe mashigar ramin, ya juya ruwa ta bututu, ya sa inji ya tsotse abin da ya rage. Aka ɗaure ƙofar ƙarfe da waya. Aka sauke bulo a gefe.

Ruwan ya dawo. Ba a yi ruwan sama ba, mashiga kuma a toshe take. Aka sake tsotsewa, ya sake dawowa har gwiwa, garai-garai, da sanyi kamar na randa. Kwaɗo ko ɗaya babu, ba mai rai, ba matacce. Aka kira Bitrus, wanda yanzu ya tsufa yana dogara sanda. A gaban Murtala ya ce wataƙila ruwan ƙasa ne ya taso. Da muka rage ni da shi sai ya rage murya ya ce, "Da hannuna na zuba simintin ƙasan nan. Na duba, babu tsaga."

Sai maganar ƙofa. Duk azahar ana tarar da ita a ɗage, waya a warware, an naɗe ta tsaf an ajiye a gefe. Mai gadi ya rantse ba shi ba ne. Ni ba na son jita-jita, sai na je da kaina na tsaya da rana tsaka, an kashe injuna, ma'aikata sun tafi alwala. Ban ga kowa ba. Amma na ji kamar mutum na tsaye a kafaɗata yana jiran in yi magana. Na yi sallama. Ba zan ce an amsa ba. Abin da zan ce shi ne babu iska, ruwan kuma ya motsa daga can ƙarshen ramin ya zo har inda nake.

Ban faɗa wa Murtala ba. Ranar Juma'a shi ya zo gidana, ya zauna kan tabarma, ya ce ya buɗe mashiga, sito kuma za a yi shi a wani fili ko da ya yi nisa. Na tambayi dalili, ya ce magina ne suka ƙi aikin. Na san magina ba su ƙare a Sakkwato ba. Da ya miƙe zai fita sai ya tsaya a soro, bai juyo ba, ya ce, "Baffa, Alhaji ya taɓa hwaɗa maka ko baƙin nan su nawa na?"

Na ce a'a. Ya ce to. A makon nan ya sa an fara haƙa rami na shida.

Yaya ya bar kamfani, ya bar gidaje, ya bar suna a wurin masu fata. Duk waɗannan ana iya sayar da su, ko a manta. Abin da na ga ya fi tsayawa shi ne ɗan wuri a tsakiyar fili mai tsada, wanda ba ya kawo wa kowa riba, wanda kuma har magajinsa ya kasa ɗauka. Allah ya jiƙan Yaya Abdu, ya sa maƙwabtansa na can su kyautata masa yadda ya kyautata wa na nan.