Ɗaya-Biyu da Sabuwar Amfilifaya

A unguwarsu har 'ya'yansa kan ɗan yi tunani kafin su tuna sunansa na gaskiya. Ɗaya-Biyu kowa ke ce masa, domin tun yana saurayi aikinsa ke nan: kafin a fara taro ya tsaya gaban makirufo, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ce, "Ɗaya, biyu, ɗaya, biyu." Gyaran rediyo ya fara koya a wata rumfa bakin titi. Daga baya mai babban ɗakin taron da ke bayan tashar mota ya ɗauke shi ya riƙa kula masa da kayan sauti. Yana wannan aiki ya yi aure, yana cikinsa ya yi furfura.

Wurin zamansa wani ɗan lungu ne a gefen dandamali, da tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya, da wayoyi rataye a ƙusa. A kan teburin tsohuwar amfilifaya take, na'urar ƙara ƙarfin sauti, baƙa, mai nauyin tsiya, maɓallanta duk sun goge. Bai taɓa karanta littafinta ba. Murɗawa yake yi yana saurare, inda ya ji daɗi ya tsaya.

Wata safiya ya kunna ta, ta yi wani ɗan tari, ta fitar da hayaƙi, shi ke nan. Mai ɗakin taro ya zo ya leƙa, ya toshe hanci, ya ce, "Ta yi ƙoƙari. Za a kawo ta zamani."

Da aka kawo ta zamanin, Ɗaya-Biyu ya ɗaga ta da hannu ɗaya ya ji kamar kwalin banza. Ya duba gaba, ya duba baya. Maɓalli ɗaya tak, sai wani ɗan gilashi mai haske da bai fi akwatin ashana ba. Ya danna, rubutu ya fito. Ya murɗa, wani rubutun ya fito. Ya sake dannawa, sai ga lambobi da zane kamar gangaren tudu. Ya nemi hanyar komawa inda ya fara, ya rasa.

Ya buga wa mai shagon da aka sayo ta waya. Mutumin yana tsakiyar ciniki, maganarsa kamar ana koro shi.

"Baba, ai abu ne mai sauƙi. Kurosoba za ka saita. Ita ke raba sauti gida biyu, mai kauri ya tafi manyan sifikokin ƙasa, siriri ya tafi ƙananan na sama. Kowane layi da filtarsa. Na ƙasa ka ba shi filtar ƙasa, na sama filtar sama, ka tsayar da su a ɗari."

"Ɗarin me?"

"Ɗari dai, za ka gani a gilashin."

"To, ita filtar sama, saman take yankewa ko saman take bari?"

"Bari take yi. Ƙasan take yankewa."

"To me ya sa ba a ce mata filtar ƙasa ba, tunda ƙasan take wa aiki?"

"Baba, ina da mutane a gabana."

Ɗaya-Biyu ya ajiye waya ya yi tagumi. A iya saninsa, wuƙar nama nama take yanka. Ya bi hankalinsa ya saita, sai ya yi su a juye. Da ya sa kiɗa, manyan sifikoki suka riƙa raɗa kamar marasa lafiya, ƙanana kuma suka kama kakari. Mai sharar ɗakin ta jingine tsintsiya ta ce, "Malam, lafiya? Ko wannan ma ta mutu?"

"Ba ta mutu ba. Ba mu dai fahimci juna ba tukuna."

Ya sha fama kafin ya gano kuskuren ya juya su. Ganga ta dawo ƙasa tana dukan ƙirji yadda ya kamata. Amma duk da haka wani abu bai yi masa ba. Muryoyi suna fitowa a dushe, kamar an lulluɓe mawaƙin da bargo. Ya shiga cikin rubutun nan ya yi ta lalube har ya samo inda ake ƙara siririn sauti. Ya ƙara. Bai ji bambanci ba. Ya ƙara kuma. Sai da lambar ta ƙi gaba ya ce a ransa, to, da ɗan dama.

A gida ya kasa cin abinci sosai. Ya ce wa matarsa, "Maman yara, kayan yanzu ba su da murya. An cuci mai ɗakin taron nan."

Ta ce, "Ka tabbata kayan ne?"

"Me kika ce?"

"Na ce ko in ƙaro maka ruwa."

Taron farko da ya biyo baya na wata makaranta ne, ranar ba ɗalibai kyauta. Ɗaki ya cika da iyaye. Shugabar makaranta ta hau dandamali, ta buɗe baki ta yi sallama, sai Ɗaya-Biyu ya ga layin gaba gaba ɗaya sun dafe kunnuwa. Wani jariri ya tsala kuka. Wata tsohuwa ta tashi ta nufi ƙofa tana yarfa hannu. Ya dubi gilashin amfilifaya, komai kore. Ya dubi shugabar, ya ji muryarta tana fita lafiya lau. Ya ɗauka ko wani abu ne ya faɗo daga rufi, har ya ɗaga kai ya duba.

Mai ɗakin taro ya rugo yana ihu, "Rage! Rage wannan ƙarar!"

"Wace ƙara?"

"Ba ka jin fiton nan? Zai fasa mana kai!"

Ya rage sauti duka, jama'a suka sauke hannu, amma na baya suka daina ji. Haka aka ƙarasa taron, shugabar tana ɗaga murya da ƙarfinta. Da aka watse, ya ji ƙauri. Biyu daga ƙananan sifikokin sun ƙone.

Washegari mai shago ya zo da kansa. Ya canja abin da ya ƙone, ya duba saitin, ya riƙe baki. "Wa ya kai wannan ƙarshe haka?"

"Ni ne. In ba haka ba, ba ta magana."

Mai shago ya mayar da lambobin, ya jona wayarsa, ya ce zai saki sautin gwaji da ke farawa daga mai kauri yana hawa zuwa siriri. Ya fara kamar rugugin babbar mota, ya koma kamar kukan sauro, yana ta sirancewa. Can sai ya ɗauke ɗif.

Ɗaya-Biyu ya tafa hannu. "Yauwa! Kun gani? A nan take yankewa. Abin da nake ta faɗa ke nan."

Ya juya don su gaskata shi. Mai ɗakin taro ya runtse ido yana yamutsa fuska. Mai shara ta cusa yatsu a kunne. Allurar hasken da ke gilashin tana nan a sama, tana rawa.

"Baba," in ji mai shago a hankali, "har yanzu yana yi."

Ɗaya-Biyu ya matsa kusa da sifika. Ya juya kunnen dama, ya juya na hagu. Ya ɗora tafin hannu a kan ragar gabanta. Shiru. Ya sake duban fuskokinsu ko zolayarsa suke yi. Ba mai dariya.

Da ya isa gida ya ba matarsa labarin yadda ya faru, har yanzu yana neman inda laifin na'urar yake. Ta matso ta zauna daidai gabansa, inda zai ga bakinta.

"Baban yara, buta kan yi ta fito a kan wuta kana zaune kusa da ita ba ka motsa ba. Wayarka ma ni nake ce maka tana ƙara."

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

"To me ya hana ki faɗa mini?"

"Na sha faɗa. Sai ka ce, 'Me kika ce?'"

Ya so ya yi fushi, ya rasa da wa zai yi. Ya je asibiti, aka sa masa wani abu a kunne aka yi ta sakar masa ƙara. Likita ta zana masa wani gangaren tudu a takarda, ta ce siririn sauti ne ya tafi, shekarun zama kusa da sifika ne suka ci shi, kuma ba ya dawowa. Ya daɗe yana kallon zanen, ya tambaye ta ko akwai inda ake murɗawa. Ta ce akwai ɗan abin da ake maƙalawa a kunne, yana taimakawa, amma ba zai zama kamar da ba.

Mai ɗakin taro bai sallame shi ba, don ba wanda ya san wayoyin ginin nan kamarsa. Sai dai ya sa mai shago ya kulle saitin kurosoba da na filta da lambar sirri. Yanzu duk ranar taro matarsa kan gama aikin gida da wuri ta biyo shi, ta zauna a tsakiyar ɗaki kafin jama'a su iso. In sauti ya yi kaifi ta taɓa kunne, in ya dushe ta ɗaga hannu. Wani lokaci ƙaiƙayi ne kawai ya sa ta taɓa kunnen, shi kuwa ya rage, ta ɗaga hannu, ya ƙara, su yi ta yi har mai shara ta zauna a kujera tana dariya.

A hanyar komawa gida yakan ce, "Ni dai har yanzu ina jin muryar nan a dushe take."

Ita kuma ta ce, "Daidai take," ta karɓi jakar wayoyin ta riƙe masa, su tsallaka titi.