Kawu da Makirufo Biyu

Kawuna makaniki ne, amma ransa na kan jita. Tun yana saurayi yake waƙa a sunkuye, yana gadin yatsunsa kamar za su gudu. Da hannunsa ya fara rawa, ya dage sai an ɗauki waƙarsa kafin yatsun su ƙi shi.

Mai ɗaukar sauti ya kafa makirufo biyu, ɗaya saitin baki, ɗaya jikin jita. Kawu ya sunkuya, muryar ta zube a na jita.

"Baba, ɗago kai," in ji mai ɗaukar sautin.

Ya ɗago, yatsu suka rikice.

"Baba, kiɗan fa?"

"Kai malam, sama ko ƙasa? Kaina ɗaya ne!"

Dole makirufon baki ya sauko har gwiwar Kawu, a nan waƙar ta ɗauku.