Rabin Ƙwaƙwalwar da Namadi Ya Kasa Tayarwa

Namadi ɗan garin Maijirgi ne, ɗan manomi, amma tun yana yaro noma bai karɓe shi ba. In an aike shi gona da amalanke, jakin ne ke kai shi, shi hankalinsa na kan tsohuwar rediyon da ya kwance. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, ya koyi ordinata, wato kwamfuta, a shagon wani mai buga takardu, daga nan ya samu aiki a wani ƙaramin gidan rediyon karkara da ke ƙasar Mayahi. Mutum ne mai kunya har ta yi yawa. Ko a gidansu ba ya iya cewa a ƙara masa tuwo.

Shiri ɗaya gare shi, kuma yana ji da shi. Da kaka, makiyaya da manoma sukan bugo waya kai tsaye, wannan ya ce shanunsu sun iso burtalin Tchaké, wancan ya ce a dakata, geronsa na ƙasa bai ɗaure ba. Rigima da yawa ta mutu a bakin makirofon nan ba a kai ga sanda ba.

Matsalar ita ce ordinatar gidan. Tsohuwa ce, tsarin kyauta ke cikinta, irin wanda masu sa kai suke rubutawa kowa ya ɗauka. In ta haɗa ɗaukar murya da waya da watsawa, sai magana ta riƙa yankewa. Manomi ya ce kada a saki shanu, “kada” ɗin ta faɗi a hanya. Namadi ya bincika ya gano dalili. Ƙwaƙwalwar na'urar tana iya riƙe aiki biyu-biyu a lokaci guda, kamar rijiyar da mutum biyu ke ja tare, amma masu tsarin sun rufe gefe ɗaya don gudun kada wani aiki ya leƙa sirrin wani. Su kuwa a gidan rediyon wane sirri gare su ban da sanarwar ɓatan akuya? Layi ɗaya na umarni zai rubuta wa na'urar rabin nan ya farka.

Sai dai layin ba ya shiga sai da kalmar sirri, ita kuwa tana kan Malam Ilyasu, tsohon da ya girka na'urar, wanda ya ɗauki Namadi aiki. Amana ya ɗauke ta, bai rubuta ba, bai faɗa wa kowa ba, ya kuma toshe duk wata hanyar baya. Goge na'urar a sake girkawa na nufin zubar da muryoyin shekaru, don babu inda za a juye su. Ga shi Malam Ilyasu na kwance a gidansa na Tasawa, ciwo ya ci ƙarfinsa.

Hajiya Zara'u, shugabar gidan, ba ta ɓoye masa ba. “Namadi, mutane sun fara cewa mu ke haɗa su faɗa. In abin ga bai gyaru ba kafin a saki gonaki dabbobi su shiga, na tsai da shirin.”

Ya hau mota zuwa Tasawa. A hanya ya shirya maganarsa tsaf. Da ya shiga ɗakin ya ga yadda tsohon ya rame, sai ya fasa tambayar. A ƙasar nan ba a tambayar majinyaci abin da ya ɓoye, don tambayar tamkar ce masa ne an cire rai da shi. Ya yi sannu ya fito. Ya sake komawa, haka aka sake yi. Haushin kansa ya riƙa cin sa, ga layin yana yawo a kansa, ya iya shi ko cikin barci.

Ranar kasuwar Tasawa ya koma da niyyar ko ta halin ƙaƙa sai ya tambaya. Inna Saudatu, matar tsohon, ta shigar da shi. Ya durƙusa, ya buɗe baki, “Baba, dama...”

Malam Ilyasu ya kamo hannunsa. “Zamna, ɗana. Ka ga mutanen ga? Wanga ya zo tambayar iyakar gona, wancan makullin rumbu. Duk sun bizne ni da raina. Kai ɗai kake zuwa ba ka tambayata komi. Kai ka san zan tashi.” Idanunsa suka kawo ruwa. “Mi kake cewa?”

Namadi ya dubi hannun da ke riƙe da nasa, ƙashi da fata. Ya tuna makiyayan da za su bugo waya su ji ba kowa.

“Dama cewa zan yi, Baba, ordinata na nan lafiya lau, tana jiran ka.”

Tsohon ya yi murmushi, ya lumshe ido. Namadi ya zauna har hannun ya sake shi, sannan ya fita neman motar Mayahi, ya je ya shaida wa Hajiya ta tsai da shirin.