Rabe Mai Faci da Ɗalibin Rodeshiya

Na yi karatu a birnin wasu, na san yadda baƙo kan yi tafiya yana waiwaye. Duk da haka, da na dawo gida a 1977 aka ce mini wani ɗalibin ƙasar waje na tsoron 'yan fashi a Kinkinau, ban gaskata ba, sai ranar da aka kira ni tafinta a ƙofar mai unguwa. A nan na san Rabe mai faci.

Rabe Bakatsine ne. Ya zo Kaduna neman aikin masaƙa bai samu ba, sai ya kafa rumfar facin keke a Tudun Wada. Son baƙo gare shi har ya yi yawa. Da ya ji cewa siririn saurayin nan da ke wucewa da littattafai, Farayi, daga Rodeshiya yake, ƙasar da rediyo ke ta faɗin yaƙinta, kuma a layinsu na Kinkinau ya kama ɗaki, kasa zama ya yi. Ɗan mutane, ba uwa ba uba a nan, a bar shi yana tafiya shi kaɗai? Rabe ba Turanci, Farayi ba Hausa, don haka ya ƙudura yi masa rakiya ba tare da ya dame shi ba. Kullum bayan la'asar sai ya rufe rumfa, ya saɓa famfo da ƙarfen cire taya, ya bi shi a baya.

Farayi ya soma ɗaga ƙafa, Rabe ya ɗaga tasa yana yaba saurin mutanen can. Farayi ya koma bin lunguna, Rabe ya ga yaron zai ɓata, ya ƙara matsowa.

Ba a jima ba mai gidan hayar, wani akawu, ya baza labari: ɗan fashi na bin ɗalibin, har ya haɗa kaya zai bar unguwar. Hankalin Rabe ya tashi. Shi dai bai ga kowa ba, amma ya rantse ba mai korar masu baƙo. Ya kira Ila mahauci da Bello mai itace. Washegari su uku suka bi Farayi, wannan da gora, wancan da wuƙar aiki, suna ta leƙe-leƙe. Farayi ya waiwaya, ya watsar da littattafai ya zura da gudu. Suka ɗauka ya hango mugun ne, suka rufa masa baya suna kururuwa, har ya faɗa cikin dattawan da ke zaune a ƙofar mai unguwa.

Da yake ina kusa, nan take aka yafito ni. Ina cikin tambayar Farayi kamannin ɗan fashin sai ga Rabe yana haki, littattafan da ya tsince a hammata. Farayi ya nuna shi.

"Ni?" in ji Rabe. "Ranka ya daɗe, ni da nake barin cinikin yamma dominsa?"

"Ashe kai muke farauta, Bakatsine," in ji Ila.

Sai da na maimaita bayanin kafin Farayi ya zauna a tabarma yana dariya har da hawaye. A ranar ya kwance kayansa.

Daga baya na tambayi Rabe ko ya daina rakiyar.

"Haba ɗan boko, a daina? Gaba na koma. Yanzu shi ke bin bayana."